Godiya ga ma'aikatan jinya na sashen gashin ciwon daji

Assalamu alaikum.

Ni ce wadda ta riƙa rako mahaifiyarta sashenku daga Malumfashi, mai zama a ƙarshen benci riƙe da filas ɗin kunu. Da wuya ku tuna ni, don masu filas a bencin nan muna da yawa. Na rubuto a fili ne saboda godiyar da na yi muku a bakin ƙofa ranar sallama ba ta gamsar da ni ba.

An yi wa Inna aikin sankarar mama a ɓangaren hagu, ta sha kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, sannan aka rubuta mata gashi, wato haska wurin ciwon da na'ura, sau 25, Litinin zuwa Juma'a, har mako 5. Kwanciya a na'urar 'yan mintoci ne, kuma ba a jin zafi a lokacin. Makon farko har dariya take yi, wai ashe abin da ake ta tsorata ta da shi ke nan. A mako na uku gajiya ta sauko mata. Ba irin gajiyar surfe da barci ke wankewa ba. Sai ta kwana ta tashi kamar ba ta runtsa ba, butar alwala sai an ɗaga mata, salla a zaune. Likita ya ce gajiyar gashi taruwa take yi, domin jiki na ta fama da gyaran inda hasken ya taɓa. Ya kuma sa aka auna jininta, tunda ƙarancin jini ma na kawo hakan.

Ana cikin haka wata sista ta same mu a layi, ta jawo kujera ta ce, “Mama, kawo hannunki.” Ta lakato man kaɗanya ta murza a tafinta har ya narke. Ta fara da wuyan hannu, ta zagaya tsakiyar tafi da babban yatsa, sannan ta bi yatsu ɗaya bayan ɗaya tana ja a hankali. Duka bai wuce minti 10 ba. Inna ta lumshe ido ta ce, “'Yar nan, Allah Ya yi miki albarka.”

Abin da ya fi burge ni shi ne ba da ka aka yi tausar ba. Sai da sistar ta tambayi wane ɓangare aka yi wa aiki. Da ta ji an cire kaluluwar hammatar hagu, hannun dama ta tausa, na hagun shafa kawai ta yi, ta ce matsa shi da ƙarfi na iya jawo kumburi. Ta gargaɗe ni kada in kai mai ko tausa ƙirjin da ake gasawa sai da izinin likita, kada kuma in goge alamomin biron da aka zana a fata. Ni da na saba tausar gida, wadda sai ƙashi ya yi ƙara ake cewa ta yi kyau, ranar na kama kaina.

Akwai abin da ba ku sani ba. A gidan da muka sauka an ware wa Inna kofi, ana janye yara daga jikinta, wai wutar na'ura na nan tare da ita. Ba ta taɓa yin magana ba, amma ni na ga yadda abin ke cin ta. Sistar nan ce ta gaya mana cewa a irin gashin Inna, da zarar an kashe na'ura babu hasken da ke saura a jiki, kuma ciwon daji ba a ɗaukar sa. Ta faɗa ne hannun Inna na cikin nata, babu safar hannu. Na koma gida na maimaita musu maganar.

Ba ku ce tausa magani ce ba, ni ma ba zan ce ba. Gajiyar ta bi mu har gida, ta yi makonni bayan gashin ƙarshe kafin ta sake ta. Sai dai duk ranar da aka tausa hannun, Inna kan samu barci a mota, ta iso gida ta nemi abinci da kanta. Daga baya sistar ta koya min, yanzu ni ke yi mata bayan isha'i.

Roƙona ɗaya: ku riƙa koya wa masu rakiya tun ranar farko, kada a jira mako na uku.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ba marasa lafiyar da ke bencin nan sauƙi. Inna na gaishe ku, ta ce a gaida mai man kaɗanya musamman.

Taku,
'Yar Inna, daga Malumfashi