Wasiƙa: Wa muke ba wa sa'ar farko ta yini, sujada ko damuwa?

Ya Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili domin in yi magana da 'yan'uwana Kirista masu karanta wannan jarida a kan damuwa, wadda ta zame wa da yawa daga cikinmu abin karin kumallo.

Ni malamin makaranta ne a Kaduna, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo, sai na wayi gari albashina ba ya kai ni tsakiyar wata. Kusan shekara guda ina farkawa wajen ƙarfe huɗu na asuba, in kwanta ina kallon rufin ɗaki ina lissafin kuɗin haya, da kuɗin makarantar yara, da bashin mai shago, daga nan in ɗauki waya in bi labaran hare-hare da garkuwa da mutane, har gari ya waye ban ce wa Ubangiji uffan ba. Lissafin bai taɓa ƙara ko mudun masara ɗaya a gidana ba, amma ya sa na riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata asuba na ji kiran salla daga masallacin unguwarmu, na kuma ji maƙwabcina ya buɗe ƙofa yana jan buta, sai abin ya taɓa ni ƙwarai: wannan bawan Allah yana fama da tsadar da nake fama da ita, amma ya san wanda zai fara fuskanta idan ya tashi. Nan na tuna mahaifiyata, wadda ba ta iya karatu ba, amma kafin ta hura wuta sai ta durƙusa a bakin gado ta yi waƙar yabo ƙasa-ƙasa don kada ta tashe mu, ta yi godiya, ta ambaci sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ko da rumbu ya kusa ƙarewa a tsakiyar damina.

Na daɗe ina zaton cewa mutum yakan yi yabo ne idan al'amura sun daidaita. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. A Ayyukan Manzanni sura 16, an yi wa Bulus da Sila dūka a Filibi, an jefa su can cikin kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu, amma da tsakar dare suna addu'a suna waƙoƙin yabo, sauran 'yan sarƙa kuma suna saurare. Abin lura shi ne waƙar ta riga girgizar ƙasar da ta buɗe ƙofofin, wato sun yi ta ne tun ba su san yadda daren zai ƙare ba. Bayan shekaru, Bulus ɗin nan ya rubuta wa ikkilisiyar Filibi wasiƙa, yana ɗaure a karo na dabam, ya ce musu kada su damu da komai, sai dai su kai roƙonsu ga Allah tare da godiya. Annabi Habakuk ma, a ƙarshen littafinsa, ya ce ko ɓaure bai yi toho ba, gonaki ba su ba da amfani ba, garke kuma ya zama wayam, shi zai yi farin ciki da Ubangiji. Ina jin manomin da tsoro ya hana shi zuwa gonarsa zai fi ni gane nauyin wannan magana.

Abin da muke yi yanzu a gidana ba shi da yawa. Wayata tana kwana a falo. Ƙarfe biyar da rabi mukan taru a kan tabarma, mu yi waƙa ɗaya, ɗaya daga cikin yara ya karanta Zabura, kowa ya faɗi abu guda da yake gode wa Allah dominsa, sannan mu kawo buƙatunmu da sunansu. Wata rana ƙaramar 'yata ta ce tana godiya domin an gyara mata takalmi, sai na ga idon mahaifiyarta ya ciko da ƙwalla. Bashin bai gudu ba, har yau ina biya kaɗan-kaɗan, ina kuma koyar da darasi da yamma don in cike giɓi, amma ina fita aiki da natsuwar da na rasa a da. Akwai ranakun da nake tashi zuciyata a bushe, ba na jin yin waƙar, duk da haka nakan yi, domin yadda damuwa ta kama ni ta hanyar maimaitawa kullum, haka sujada take kama mutum.

Ba ina cewa a naɗe hannu ba ne, domin Yesu da ya ce mu dubi tsuntsaye a Matiyu sura 6 bai hana mu noma ba, damuwa da gobe ya hana. Haka kuma wanda damuwarsa ta kai ga rashin barci na makonni, ko ƙin abinci, ko tunanin cutar da kansa, yana buƙatar likita tare da addu'a, kuma a nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa. Bai kamata a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza ba.

Roƙona ga fastocinmu da dattawan ikkilisiya da Zumuntar Mata shi ne su koya wa iyalai yadda ake sujadar gida ta minti goma sha biyar, su kuma riƙa tambayar mutane labarinta idan sun je ziyara, kamar yadda suke tambayar lafiyar yara.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Kaduna.