A kula da majinyaci bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata

Malam Edita, barka da aiki.

Ina roƙon fili in yi magana kan wani bincike da ya kamata likitocinmu na Maradi da mu ƴan jinya mu sani. A 2018 mujallar Lancet ta buga sakamakon bibiyar majinyata sama da 11,000 da aka yi wa tiyata a ƙasashen Afirka 25. Mutuwarsu ta ninka ta sauran duniya sau biyu, alhali sun fi ƙuruciya. Kuma kusan dukkansu ba a kan gadon fiɗa suka rasu ba, sai a kwanakin da suka biyo baya.

Wannan bai ba ni mamaki ba. Mu nan da zarar allurar barci ta saki mutum, ya buɗe ido, sai dangi su cika ɗaki da barka, ga kwanonin fura da kunu. Cikin dare kuwa malamar jinya ɗaya ce kan gadaje rututu, uwa tana zaune kan tabarma, tana jin numfashin ɗanta ya canza, ba ta san alama ce ta haɗari ba.

Ƴar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, mai auna iskar da ke cikin jini, ba ta da wata tsada. A sa ta a kowane ɗakin kwantar da majinyata. A kuma faɗa wa mai jinya da Hausa abin da zai gani ya ruga ya kira malami: numfashi da sauri, zubar jini, zazzaɓi, ko rikicewar hankali.

Naka,
Mai karatu daga Maradi