Wasiƙa Zuwa Ga Yaya A Kumo

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kai da Inna da Maman yara. Ya ƙarin haƙuri? Mu nan Manchesta lafiya lau, sai sanyi.

Saƙon Kawu ya iso ni cewa dangi za su haɗa kuɗi a yi wa Auta sadaka, tunda ga shekara ta zagayo. Allah Ya sa mai ceto ne. Nawa kason yana tafe, amma ina da shawara, kuma ina roƙonka ka karanta wa Inna ita a tsanake.

Yaya, ciwon dajin da ya ɗauke Auta ba baƙo ba ne a wurin likitoci. Wani likitan fiɗa, Denis Burkitt, ya bayyana shi a Uganda tun 1958, bayan ya yi ta ganin yara da kumburin muƙamuƙi irin na Auta. Daga naman kumburin da aka aika Landan aka gano ƙwayar cutar da ke da hannu a ciki a 1964, aka kuma lura ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kamar wajenmu. Yana girma da sauri ƙwarai, amma yana cikin ciwon dajin da ya fi jin magani idan an kama shi da wuri. Mu kuwa makonni muka yi ana cewa hangum ne, ana cewa haƙori ne, ana sayen ƙwaya a kemis. Ba laifin kowa nake gani ba, wallahi. Ajali ne, kuma babu wanda ya taɓa faɗa mana.

Abin da ke hana ni barci shi ne lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. A ƙasashe irin wannan da nake, fiye da yara 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa. A yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. A ɗakin yaran da nake aikin jinya ina ganin waɗanda suka gama magani suna dawowa awo da kayan makaranta a jikinsu. A 2018 hukumar ta sa burin kai adadin zuwa 60 cikin 100 kafin 2030, kuma ba za a kai ba sai an san yaranmu nawa ke kamuwa, da wane iri, da abin da ke sa iyaye su yanke magani a tsakiya. Kai ka fi ni sanin amsar wannan na ƙarshen: kuɗin mota, kuɗin ƙarin jini, ga gona an bari babu mai nomawa.

Shawarata ke nan. A raba kuɗin biyu. Rabi a yi abinci a ba mabuƙata yadda Inna take so, ban ce a hana ta wannan ba. Ɗaya rabin ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, ka nemi likitocin sashen yara, ka tambaye su ta wace hanya iyali ke tallafa wa bincikensu, ko biyan kuɗin awon nama ga yaron da iyayensa suka gaza. A bi ta asusun asibiti, a karɓi rasit. In sun nemi izinin duba fayil ɗin Auta don nazari, ina roƙonku ku amince, kai da mahaifiyarsa. Na san zai yi mata nauyi, kada a matsa mata.

In Kawu ya ce wannan ba sadaka ba ce, ka tuna masa Manzon Allah (SAW) ya sa ilimi mai amfani cikin abin da ladansa ba ya yankewa. Ni na ɗauki alkawarin turo wani abu duk wata tara, watan da duniya ta ware wa wannan ciwo na yara.

Kuma don Allah ka gaya wa matan gida: kumburin fuska ko ciki da ya ƙi saɓewa, ko farin ɗigo a ƙwayar idon yaro, asibiti za a nufa kai tsaye.

Ka gaishe da Goggo da su Baffa. Zan kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Ƙanwarka