Baffa Zai Yi Baƙo

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da yara da duk mutanen gida. Mu nan Alƙahira lafiya lau, karatu sai godiya.

Maganar Baffa ce ta sa na rubuto. Akwai wani dattijo mutumin Damagaram da muke haɗuwa a masallacin Azhar bayan Juma'a, shi ma marubucin waƙa ne. Ashe sun san juna da Baffa tun zamanin da Baffa ke kai waƙoƙinsa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada. Sun daɗe suna musayar wasiƙa, wannan ya aika baitoci, wancan ya yi musu tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti layuka su cika biyar, ya mayar, har zumuncin ya yanke ba tare da wani ɓacin rai ba. Da na ce masa Baffa yana nan da ransa, sai da idonsa ya kawo ruwa. Bayan ƙaramar Sallah zai sauka Kano, kuma ya ce sai ya karkato Zariya ko na wuni ɗaya ne kafin ya nufi gida.

Don Allah ka fara shaida wa Baffa da kanka, kada ya ji a bakin yara. In ya amince, ka tari baƙon a Kwangila, ku shigo ta Ƙofar Doka. Ku iso da hantsi, lokacin da Baffa ya fi jin ƙarfin jikinsa, don bayan azahar barci ke ɗaukarsa.

Abin da na fi roƙonka, Yaya, kada a mai da ziyarar taro. Na san halin mutanenmu, da an ji baƙo daga Masar zaure zai cika, kowa da wayarsa a sama. Baffa ya gaji da masu zuwa daga jami'ar da ke Samaru da takardar tambayoyi, a tambaye shi shekarar haihuwa a tashi. Wannan aboki ne, ya san kari, ya san amsa-amo, in Baffa ya rera ɗango ya tsaya shi zai iya ƙarasa masa. Rabon Baffa da irin wannan hira tun rasuwar sa'o'insa, kuma kai ma ka ga yadda shirunsa ya yi yawa.

Ka ciro gafakar nan ta takardun ajami ka kakkaɓe ta. Tun da idon Baffa ya yi rauni babu mai karanta masa su yadda yake so, mu 'yan boko sai mu yi ta karya masa kari yana gyara mu. Baƙon zai karanta masa. Ka zaunar da shi ta hannun dama, ta nan Baffa ya fi ji. Amma ko warƙa ɗaya kada ta bar gidan, in yana so ya ɗauki hoto, shi ma sai da yardar mai ita.

Na turo ɗan abin da za a yi cefane, Inna ta dama fura, a nemi goro mai kyau. Yadda kuka yi da Baffa ka sanar da ni da wuri, mutumin yana jira kafin ya yanki tikiti.

Ka gaishe min da Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Wassalam,
Ƙaninka