Kar mu ci gaba da sayar da ƙwayar zogale da aduwa a banza

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni fili in yi kira ga malaman Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram da kuma mutanen INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasarmu Nijar, akan wata hanyar tatsar mai daga tsirrai wadda ya kamata ace mun fara gwada ta tun tuni.

Da iska ake tatsar, kuma iskar da ake aiki da ita ba baƙuwa ba ce, ita ce CO2 ɗin nan mai sa lemun kwalba kumfa. In aka matse ta matsin ya wuce bar 74 (bar ma'aunin matsi ne) kuma zafinta ya haura digiri 31 sai ta koma wani hali, ita ba ruwa ba ita ba iska ba, tana ratsa niƙaƙƙiyar ƙwaya lungu lungu ta narko man da ke ciki, da an sassauta matsin sai ta tashi ta bar mai zalla a tukunya, a tare ta a sake maida ta aiki. Zafin ba matsala ba ne, mu da muke wuce 40 a watan Afrilu. Matsin ne aikin, dan wajen tatsar mai har bar 300 ake kai shi, tayar mota fa bar 2 da ɗan wani abu take ɗauka. A Jamus aka fara amfani da hanyar wajen cire kafeyin, sinadarin nan mai hana barci, daga kofi.

Manyan masana'antu da wani sinadari mai suna hekzan suke tatsa, shi kuwa daga man fetur yake fitowa, sai an dafa an kore shi daga baya. CO2 ba ta barin komai a ciki kuma tunda ba a ƙona ƙwayar, ƙamshi da amfanin man suna nan yanda Allah ya yi su.

Amma fa kar wani ya ce a kawo injin nan dan man gyaɗa, wallahi asara ce. Injin akwai tsada, ga cin wuta, ga yanda wutar take mana nan. Iyayenmu mata na Matamai da Magariya da ke soya gyaɗa su murza tunkuza su fidda mai su yi ƙuli ƙuli, a bar masu sana'arsu, da ita suke aurar da ɗiya.

Ni inda hankalina yake shi ne man zogale, na aduwa, na ɗiyan kuka da na riɗi, wanda masu haɗa man shafawa a Turai ke saye da tsada a ƴar ƙaramar kwalba. Ka shiga Kasuwar Dole ka ga yanda ake auna riɗi a tiya ana lodawa mota zuwa Najeriya, aduwa kuwa yara su tsotse su yar da ƙwallon a ƙasa, ribar duk ta tafi can.

A fara da ƙaramin inji ɗaya a ɗakin gwaji na jami'a, ɗalibai su auna man da kowace ƙwaya tamu ke bayarwa, su fito da sakamakon da Hausa dan manomi da ɗan kasuwa su ji da kunnensu kafin wani ya zuba kuɗinshi.

Na gode.

Mai karanta jaridarku kullum,
daga Birni, Zinder