Zuwa ga ɗiyata da za ta fara dutin dare

Assalamu alaikum ɗiyata. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, saƙonki ya iso mu nan Argungu cewa an mayar da ke dutin dare a ɗakin masu doguwar jinya can Birnin Kebbi. Allah ya yi miki jagora.

Da rana majinyaci yana da masu yi masa magana, dangi na shige da fice, likita na zagayawa. Da dare sai idonki. Tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye ba zai iya kiranki ba, mai jinyarsa kuma ta gaji ta yi barci kan tabarma a gefen gado. Don haka kada ki zauna jiran kira, ke za ki riƙa zuwa.

Ki isa minti 20 kafin lokaci. Kada ki karɓi aiki a kan tebur kawai. Ki bi wadda za ta tashi gado-gado, ki ji wa bai ci abinci ba, wa aka canza wa magani. Magungunan da ake kullewa ku ƙirga tare, ku sa hannu ku biyu. Ki duba silindar oksijin tun da wuri, domin in aka ɗauke wuta na'urar da ke aiki da lantarki tsayawa take yi nan take. Tocila kuma ta kwana a aljihunki.

Babban aikinki shi ne juyi. Duk wanda ba ya iya motsa kansa ki juya shi bayan kowace awa 2, ki rubuta lokaci da ɓangaren da kika kwantar da shi. Gyambon kwanciya yana farawa ne inda ƙashi ya danne fata har jini ya kasa isa: ƙasan baya, ƙugu, dunduniya, kafaɗa, ƙeya, har bayan kunne inda robar oksijin take gogawa. Ki karkatar da shi kaɗan, kamar digiri 30, ki tokare bayansa da filo, ki sa wani tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta bar katifa. Fatar mutanenmu ba ta cika nuna ja ba, saboda haka ki haska, ki taɓa. In wuri ya fi kewayensa duhu, ko ɗumi, ko tauri, to abin ya soma. Kada ki murza shi, murzar ƙara ɓata naman take yi. Ki ɗauke masa nauyi ki sanar. Zanin gado jiƙaƙƙe da gumi ko fitsari, musamman a zafin Afrilu, a canza shi a take. Kuma ɗaga mutum ake yi ku biyu da zani. Jan sa a kan katifa yana saɓule fata, ke kuma ya ɓata miki baya.

Mai cin abinci ta robar hanci, kansa ya zama a ɗage digiri 30 zuwa 45 lokacin ba shi abinci, ya zauna haka aƙalla minti 30 bayan an gama, in ba haka ba abincin ya dawo ya shiga huhu. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara, ba tare da ta taɓa ƙasa ba. In abin da ya taru bai kai mil 30 a awa ba, fara duba ko robar ta lanƙwashe kafin ki kira likita.

Mai allurar insulin da bai ci tuwon dare sosai ba, sa masa ido na musamman. Kin same shi cikin gumi mai sanyi, yana rawar jiki ko sambatu, auna sukarinsa. Ƙasa da 70 mg/dL, in yana iya haɗiya, ki jiƙa masa cokalin shayi 4 na sukari a ruwa, ki sake aunawa bayan minti 15. In ba ya cikin hayyacinsa, komai kada ya shiga bakinsa, a nemo likita da gaggawa. Haka tsohuwar da ta yini lafiya ta tashi da dare ba ta gane kowa: kada ki ce tsufa ne. Ciwon mafitsara ko na huhu kan zo wa tsofaffi a haka ko babu zazzaɓi. Ƙirga numfashi minti ɗaya cur. 12 zuwa 20 ne daidai.

Sau da yawa a hanyar bayi majinyata suke faɗuwa. A zaunar da mutum a bakin gado minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙe. In ya faɗi kada ki yi saurin ɗaga shi. Ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, wannan alamar karayar ƙugu ce.

Sai ke kanki. Tsakanin ƙarfe 3 da 5 na asuba barci ya fi ƙarfi, nan kuskuren magani yake faruwa. A wannan lokaci ki karanta sunan majinyaci, sunan magani da adadinsa sau biyu, a tsaye. Abin da kika yi ki rubuta nan take, kada ki tara sai safe. Shayi mai ƙarfi a farkon dare, daga ƙarfe 2 kuma ruwa. In kin koma gida ki rufe taga, ki kashe waya, ki nemi awa 7 ko da a zubi biyu ne, ki gaya wa mutanen gida kada a tashe ki sai azahar.

Kiran likita cikin dare ba abin kunya ba ne, amma kafin ki kira ki riƙe awon jini, bugun zuciya, zafin jiki da numfashi a hannu.

Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Ki sanar da mu ranar hutunki.

Innarki.