Maganar shara a Kano: a fara wayar da kai daga tsakar gida da bakin shago

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan bani fili a jaridarmu mai albarka in yi magana a kan sharar da ta addabe mu a cikin birnin Kano da kewaye, musamman yanzu da kowa ke ta kiran a wayar da kan jama'a amma ba a cika faɗin me za a gaya musu ba, kuma wa za a gaya wa.

Abin da muka saba ji a rediyo shi ne kar a zuba shara a kwata, a share ƙofar gida, a fito ranar Asabar ɗin ƙarshen wata daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe a yi tsaftar muhalli. Duk daidai ne, ban ce a daina ba. Amma fa duk wannan magana ce a kan sharar da ta riga ta taru. Tun zamanin Buhari da Idiagbon ake wannan fitowar, yau shekara arba'in da ɗoriya, kuma kowa ya san yadda take ƙarewa, a yashe kwata a tara ƙasar a bakin titi, in mota ba ta zo da wuri ba ruwa ɗaya ya mayar da ita inda aka ɗebo ta. An gwada bai wa kamfani aikin kwashewa a 2021, ba a daɗe ba aka fasa aka dawo da shi hannun hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, gwamnatin da ta hau a 2023 ita ma da kwashe tulin bola ta fara aiki. Kowa dai kwashewa yake, mu kuma muna ta haifar da sabuwa tun kafin motar ta juya. Ni a ganina ko motoci dubu aka siyo ba za su iya da mu ba matuƙar abin da ke fita daga gidaje da shaguna bai ragu ba, kuma a nan ne gangamin wayar da kai zai yi amfani in har an yi shi yadda ya kamata.

Duk wanda ya ɗan manyanta ya san da can ba haka sharar gidan Bahaushe take ba. Toka ce da kashin awaki da ɓawon kayan miya da ƙura. Tuwo ya kwana a yi ɗumame, ya wuce haka a shanya a yi ƙanzo, dusa da ruwan tsari na dabbobi ne, tsohon zane ya zama tsumma ko ganwo. Ita kanta bolar dukiya ce, manoman ƙauyukan da ke zagaye da birni su shigo da itace a kan jakuna su koma da taki a mangala, da wannan takin aka yi ta noma gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Har yanzu ma akwai manoman da ke siyan tifar bola a kai musu gona kafin damina, amma ka je ka ga gonar bayan an watsa, leda ce fal da robar lemo da fasasshiyar kwalba, wani lokaci har da allura, sai manomi ya sa yara su yi ta tsince. Abin da ya ɓata mana lissafi kenan, mun haɗa abin da ke ruɓewa da wanda ba ya ruɓewa a buhu ɗaya, shi takin ya lalace, ita ma robar ta yi dattin da mai siya zai karya mata farashi.

To saƙon farko da nake so a kai wa mutane shi ne a raba. Ba sai an siyo wasu kwandunan shara masu launi irin na Turai ba, tsohon bokiti ɗaya da buhu biyu sun isa. Bokiti na ɓawo da ragowar abinci da toka, buhu ɗaya na roba da gwangwani da ƙarfe da tsofaffin silifas, ɗayan na abin da babu yadda za a yi da shi. Na farkon mai kiwo ko mai lambu zai karɓa da godiya, na biyun kuɗi ne, ƴan gwangwan da ƴan jari bola suna yawo lungu lungu suna siya ko su ba da musaya, su kai wa masu sikeli, daga can ya wuce kamfanonin roba na Sharaɗa da Challawa da Bompai a narka a yi buta da bokiti da takalmi. In aka yi haka abin da zai rage a kai bola kaɗan ne sosai, duk matar da ta gwada za ta gani da idonta. Kuma dan Allah a daina kallon waɗannan yaran masu buhu a matsayin ɓarayi gaba ɗaya, eh akwai ɓata gari a cikinsu masu cire ƙarfen mutane, wannan gaskiya ne, amma mafi yawansu aikin da suke yi mana ko hukuma ba ta yi, kamata ya yi a yi musu rajista a unguwa a san su, kowane layi ya san ranar da mai siyan roba zai zo.

Sai uwa uba leda. Malam Edita ka tsaya a shagon unguwa na ɗan lokaci ka ga abin mamaki, mutum zai siyi magi a sa masa a leda, ya siyi sikari na ɗari an riga an ƙulla a leda a ƙara saka masa a wata baƙar, ya ce a ƙara masa ɗaya kar ta fashe. Koko a leda, ƙosai a leda, miya a leda, fura a leda, in azumi ya zo kunun sadaka ma a leda, ga fiya wata da kowa ke sha ya yar a inda yake tsaye. Iyayenmu da kwano ake aiken yaro siyan abinci, da kwando ake zuwa cefane, ba wanda ya ce ƙauyanci ne. Yanzu in ka tafi kasuwa da jakarka sai a riƙa kallonka kamar wani matsolo. Mahauta za su gaya maka irin dunƙulen ledar da suke ciro wa daga tumbin shanu da awaki, mai kiwo kuma ya san yadda akuya ke ramewa tana cin abinci amma ba ta ƙiba har ta mutu ba a san dalili ba. Wannan ita ce maganar da za ta shiga kunnen matar da ke kiwon tunkiya don Sallah, ba maganar ɗumamar yanayi ba.

Na san wasu za su ce a hana kawai da doka. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya ta bi a 2017, Legas ma ta hana robar tekawe mai kumfa a farkon 2024. Amma maƙwabtanmu Nijar sun yi dokar hana irin wannan ledar tun 2014 kuma duk wanda ya je Maraɗi ko Damagaram ya ga tana nan rataye a kan ƙaya kamar a gida. Doka in ta zo ta tarar mutane ba su da abin da za su riƙa zuba kaya, kuma ba su yarda akwai matsala ba, takarda ce kawai. Shi ya sa na ce a fara da magana tukuna, kuma a fara da mai shago, don shi ne ke siyan bandir ɗin leda da kuɗinsa yana rabarwa kyauta, in ƙungiyar ƴan kasuwar unguwa ta haɗu ta ce daga yau sai an tambaya za a bayar, ko kuma ta biyu da kuɗi, shi ma sauƙi ya samu.

Wa za a gaya wa? A nan ne nake ganin ake kuskure babba. A kira taro a otal, a gayyato manyan mutane da ƴan jarida, a buga riguna da huluna da bana, a raba ruwan roba da abinci a tekawe, a tashi an bar shara cike da ɗakin taron da aka yi don rage shara. Alhali maigidan da ya halarta bai ma san inda kwandon sharar gidansa yake ba. Masu hulɗa da shara su ne matan gida da ƴan aiki da yara da almajirin da ake bai wa naira hamsin ko ragowar abinci a ce je ka zubar, shi kuma yaro ina zai kai? Kwata mafi kusa, ko kangon da ba kowa, ko ya jira dare ya ajiye a tsakiyar titi. Ba laifinsa bane, ba wanda ya nuna masa wuri.

Mun taɓa ganin gangamin da ya yi aiki a ƙasar nan ai. Lokacin da mutane suka ƙi allurar shan inna, ba talla a talabijin ce ta juyo da su ba, sai da aka sa sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai, aka ɗauki matan unguwa da aka sani suna shiga gida gida suna zama a tabarma suna magana da uwar gida da bakin da take ganewa, a haka har aka kai 2020 aka ce Najeriya ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Wannan tsarin yana nan bai mutu ba, me zai hana a yi amfani da shi? Mace ta shiga gida ta nuna wa ƴar uwarta ga bokiti ga buhu, ta gaya mata nawa ake siyan kilo na roba a wannan satin. Malamar Islamiyya ta ɗauki minti biyar a ajin matan aure. Liman ya sa a huɗuba, tunda hadisi ya tabbata cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, kuma addini ya hana almubazzaranci, to abincin biki da ake zubarwa kwano kwano a bola fa? Mai unguwa kuma shi ya san kowane gida da kowane kango, shi zai iya cewa ga inda za a riƙa tarawa, ga ranar da mai kura zai zo, kowane gida ga abin da zai bayar a wata.

Wuraren sana'a kuwa kowanne da irin nasa, bai kamata a yi musu huɗuba iri ɗaya ba. A Ƴan Kaba da Ƴan Lemo yawancin sharar ruɓaɓɓen tumatir ne da ganye da ɓawon kankana da lemo, wato taki ne tsantsa in ba a gauraya shi da leda ba, shugabannin kasuwa su keɓe masa wuri manoma su riƙa ɗiba. A Kwari da Singa da Sabon Gari kwali ne da ledar dila da igiya, duka ana siyansu, kuma ƴan Kwari ba sa buƙatar a tuna musu abin da ruwa ya yi wa kayansu a daminar 2022, duk da cewa can har da gine ginen da aka yi a kan hanyar ruwa. Teloli su tara ƙyallaye a buhu, masu yin filo da katifa da matan da ke ɗinka shimfiɗar ƙofa suna so. Makanikai su daina tuttular da baƙin mai a kwata, shi ma akwai masu siya. Masu kemis da ƙananan asibitoci kuwa wannan ba ma maganar roƙo ba ce, allura da auduga mai jini ba su da hurumin shiga bolar unguwa inda yara ke tono da hannu. Su kuma ofisoshi, takardar da za a iya turawa ta WhatsApp sai an buga kofi ashirin a fuska ɗaya, kowane zama sai katan katan na ruwan roba wanda za a sha rabi a bari. Randa ko babbar gorar ruwa da kofuna ba abin kunya bane. Kuma tunda akwai tsaftar Juma'ar ƙarshen wata ta kasuwanni da ma'aikatu, a riƙa tambayar shugaban wurin buhu nawa suke fitarwa da, nawa suke fitarwa yanzu, maimakon a duba an share tsakar gida kawai a ɗauki hoto.

Akwai abin da ni ma na san yana da wuya, wato famfas ɗin yara. Ba ya ruɓewa, ba mai siya, in aka ƙona hayaƙi ya cika unguwa, kuma ba za ka ce wa mai jego da ba ta da ruwan famfo ta koma wankin nafkin dare da rana ba. Iyaka a ce a rage, a gida da rana a yi amfani da na wanki in da hali, a bar famfas sai fita unguwa ko dare, kuma a ƙulle shi daban a kai inda mota ke ɗauka. Irin wannan sharar ita ce ainihin aikin hukuma, kuma in mun cire mata taki da roba daga kai, motocin da take da su za su fi isa.

Gwamnati kuma kar ta ce wayar da kai ya ɗauke mata nata nauyin. In ka gaya wa mutum kar ya zuba a kwata dole ka nuna masa inda zai zuba, ga shi filayen da aka ware na bola a unguwanni da yawa an yanka an yi shaguna. A dawo da duba gari na gaske masu shiga gida su duba su yi nasiha kafin tara, ba masu tsayawa a titi ranar Asabar suna kama mai babur ba. Gidajen rediyonmu su ma su taimaka, a kawo mahauci da manomi da ɗan gwangwan da uwar gida su yi magana a shirin safe, su faɗi farashin roba da na tifar taki kamar yadda ake faɗin farashin hatsi a Dawanau.

Ina roƙon wannan jarida ta tura wakilinta unguwa ɗaya da kasuwa ɗaya ya bi buhun shara daga inda aka cika shi har inda ya ƙare, a buga mana da hotuna. Sannan masu unguwannin da ke son gwadawa su fara da layi ɗaya kafin damina, kar su jira sai an kawo musu kwangila ko tallafi. Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai karatu daga ƙaramar hukumar Gwale, Kano